Hotona a Filin Ƙanƙara

Ni ce mace ta farko a zuriyarmu da ta hau jirgin sama ba don aikin Hajji ba. Lokacin da sunana ya fito cikin ɗaliban da gwamnatin jiha za ta tura ƙasar waje karatun likita, gidanmu na Kibiya ya rabu gida biyu. Baffa, yayan mahaifina, wanda shi ne babba a dangi tun rasuwar kakanmu, ya taso daga Unguwar Gai a kan babur ɗinsa, ya zauna a zaure ya ce shi bai yarda ba. Ina firamare aka ƙaddamar da Shari'a, mun taso muna ganin hijabi yana ƙara tsawo, kuma maganar abin da ya dace da 'ya mace ba ta ƙarewa a bakin masallaci. Baffa ya ce a irin wannan lokaci ba a ɗaukar budurwa a kai ta ƙasar da ba a kiran salla, babu muharrami, babu mai kwaɓa.

Baba manomi ne, mai noman rani, albasa da tumatir, kuma ba shi da yawan magana. Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ina laɓe a bayan ƙofar zauren na ji ya ce, "Yaya, na ji maganarka, kuma ban raina ta ba. Amma na san abin da na haifa. In ta jawo abin kunya, a ɗora a kaina."

Baffa ya ce, "To, da bakinka ka faɗa."

Ƙanwata mai bi mini ce ta ɗauki jakata har tashar Rano ranar da zan tafi. Tana ajin ƙarshe a sakandare, ta fi ni kaifin kai nesa ba kusa ba, burinta ta karanci aikin ungozoma a Kano. Muna jiran mota ta cika ta raɗa mini cewa Baba ya yi mata alkawari, in na yi shekara guda lafiya ita ma zai bar ta ta tafi. Tana faɗa tana murmushi, tana gyara mini bakin mayafi.

Garin da aka kai mu tsohon birni ne ƙwarai, ya girmi duk abin da na taɓa gani. Titunan cikinsa da duwatsu aka shimfiɗa su, sun sha tafiya har sun yi sumul. Akwai ganuwa mai kauri da ta zagaye tsohon garin, da kogi da ya ratsa ta tsakiya, da majami'u masu ƙararrawa da ke kaɗawa ba dare ba rana. Mun isa ana sauran ɗumi, ganyaye suna ja suna zubowa, na ce a raina ashe sanyin da ake ba mu tsoro da shi bai kai yadda ake faɗa ba.

Da hunturu ya shigo na gane ban san komai ba. Mu a gida sanyi na safiya ne, hantsi na yi a tuɓe rigar sanyi. Can kuwa rana kanta ce ta gudu. Sai mu fita aji da duhu mu dawo da duhu. Azahar da La'asar da Magariba suka matse wuri guda, kina idar da wannan waccan ta shigo. Na daina jin daɗin abinci. Nakan zauna da littafi a buɗe in yi ta kallon shafi ɗaya, hawaye na zuba ba tare da na san dalili ba. 'Yar ɗakina, wata 'yar cikin garin Rano da muka taho tare, ita barci ta kama, da ta dawo daga aji sai ta shige bargo. Ranar Juma'a nake kiran gida, kullum in ce lafiya lau, komai daidai.

Akwai wata 'yar ƙasar a ajinmu, siririya mai gajeren gashi, da takan ara mini abin da ta rubuta in malami ya yi sauri. Ita ce ta lura da yadda na rame. Wata rana bayan darasi ta kama hannun rigata ta ce in zo ta nuna mini abin da mutanen garin suke yi don kada sanyi ya haukata su.

Dandalin tsohuwar kasuwa ta kai ni, gaban wata hasumiya mai agogo. An kewaye fili da katako iya ƙugu, an malala ruwa a ciki ya daskare ya zama ƙanƙara, fari fat kamar an shimfiɗa gilashi. An rataya fitilu ƙanana a sama, ga masu sayar da shayi da gasasshiyar gyaɗar ƙasar a gefe. Mutane kuwa suna ta zagaye a kai, sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar bayan wuƙa. Ƙarar da ƙarfen ke yi a kan ƙanƙarar kamar ana wasa wuƙa a dutse. Na ga yaran da ba su isa shiga makaranta ba suna tura wata 'yar kujera suna bin ta, su faɗi su tashi. Na ga tsoho da tsohuwa, kansu fari, sun riƙe hannu suna tafiya a hankali ba wanda ya ɗaga ƙafa. Na tsaya a bakin katakon har yatsuna suka ƙage, ban iya ɗauke idona ba.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne falalen dutsen bayan gidan kakata ta wajen uwa a Lausu, inda ake shanya barkono. Muna yara, in an kwashe shanya, mukan zauna a kan yankin tsohuwar jarka mu sulalo daga sama har ƙasa, zani ya yage a sha duka, gobe a koma. Tun da na fara sa hijabi ban sake gudu ba, balle zamiya. Ban ma san ina kewar abin ba sai ranar.

Ƙawar tawa ta ce na dandalin ya cika mutane, akwai wani a cikin lambun gari, kan wani tafki da ke daskarewa, da safiyar Lahadi ba kowa sai tsofaffi. Can na fara sa takalmin. Na sa wando mai kauri a ƙarƙashin dogon siket, na tura hijabina cikin babbar rigar sanyi. Da na miƙe sai ƙafafuna suka ƙi ni, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Na rungume ƙarfen gefe kamar mai koyon tatata. Ita kuwa tana gabana tana tafiya da baya, ta miƙo mini hannu biyu tana cewa in daina kallon ƙasa. Ban san lokacin da na saki ƙarfen ba. Na dai ji iska tana dukan fuskata, itatuwa suna wucewa, ni kuma ban ɗaga ƙafa ba. Na yi dariya da ƙarfi har wata tsohuwa ta waiwayo. Ranar na ci abinci na ƙoshi, na yi karatu ya shiga.

Na ci gaba da zuwa tafkin duk Lahadi. Na yi ta jan 'yar ɗakina ta ƙi. Ta ce, "Ni dai ƙafata da ƙasa. Allah bai halicce ni don in yi tafiya a kan ruwa ba." Na ba ƙanwata labari a waya, ta yi ta dariya tana tambaya ko ba ya fashewa da mutum. Ban ga abin ɓoyewa a ciki ba. Na tambayi kaina ko akwai laifi, na duba suturata, na duba wurin, ban samu ba.

Da muka gama jarrabawar farko, ɗaliban ajinmu 'yan ƙasashen waje suka shirya a je babban filin da ke gindin ganuwa, wanda ya fi kowanne girma a garin. Ranar hutu ce, wurin ya cika maƙil, ga kiɗa na tashi. Na so in tsaya a gefe, amma na riga na ɗan iya, kuma mai ɗan iyawa ya fi kowa son a gani. Na shiga. Na yi zagaye ɗaya lafiya. A na biyu wani yaro ya gifta ta gabana kamar kibiya, na karkace don kada in buge shi, ƙafata ta tafi. Na kai hannun dama ƙasa don in tare, na ji wani abu ya yi ƙas a tsintsiyar hannun. Hijabina ya zame baya, gaban gashina ya fito.

Akwai ma'aikatan wurin da ke zagayawa da rigar ruwan ɗorawa, aikinsu ke nan su ɗaga wanda ya faɗi kafin na baya su taka shi. Wani saurayi a cikinsu ya iso nan take, ya sa hannu ta bayan kafaɗata ya ɗago ni, ya riƙe ni a jikinsa don ƙafafuna sun ƙi tsayuwa. Kunya ta sa na yi dariya, irin dariyar da mutum ke yi in ya faɗi a gaban jama'a. Zafin bai riga ya iso ba. A daidai wannan lokacin wata 'yar ajinmu, 'yar wata ƙasar Afirka da ke ta ɗaukar kowa hoto tun zuwanmu, ta ɗauke mu.

Kafin a cire mini takalmin hannun ya kumbura. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi aka ce karaya ce, aka gyara aka naɗe shi da farin siminti daga yatsu zuwa gwiwar hannu. Na ce in Juma'a ta zo zan faɗa wa su Inna a hankali, yadda hankalinsu ba zai tashi ba.

Juma'ar ba ta zo ba ƙanwata ta kira ni. Ba ta taɓa kira da kanta ba, fulashin take yi in kira. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Yaya, me kika yi?"

Na ce, "Wa ya gaya miki? Karaya ce kawai, an ɗaure."

"Wace karaya? Hotonki nake magana. Ke da Bature, ya rungume ki, kanki a buɗe, kina dariya. Yana wayar kowa a garin nan."

Na zauna a bakin gado. Ashe 'yar ajinmun nan da ta ɗauke mu hoto ce ta zuba hotunan ranar gaba ɗaya a Fesbuk, ta maƙala sunan kowa a jikin nasa. Wani ɗan garinmu da ke karatu a Kano ya gani, ya tura wa abokinsa. Daga nan ya isa rumfar masu cajin waya a kasuwa, inda samari ke tura wa juna waƙoƙi da finafinai. Kafin ya iso hannun ƙanwata an yanke gefe da gefe. Babu taron mutanen, babu ganuwa, ƙanƙarar ma ba a gane ta. Ni ce kawai da shi.

Na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ni na yarda, Yaya. Amma ni wa zai tambaya?"

Na ce ta ba Inna wayar. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta saba doguwar magana da ni ba. Ta ce, "Ke. Hannun da sauƙi?" Na ce da sauƙi. Ta ce jiya ta je barka a maƙwabta, tana shiga ɗakin mai jego mata suka yi tsit, wata ta tura waya ƙarƙashin cinya. Ta ce ta ajiye sabulun da ta kai ta fito, ba ta ko zauna ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Baba fa?"

"Yana gona."

Na sake kira da yamma, aka ce yana masallaci. Washegari aka ce ya je Rano sayen taki. Na kira wayarsa ta yi ta ringi ba a ɗauka. Alhali a da duk Juma'a shi ke fara karɓar waya ya ce, "Uwata, ya sanyi?"

Na ɗauki hoton hannuna a ɗaure, na ɗauki hoton ƙashin da aka ba ni a asibiti, na roƙi yarinyar ta ba ni cikakken hoton da ba a yanke ba, duk na tura wa ƙanwata. Ta nuna wa wanda ta iya nuna wa. Waɗannan ba su je ko'ina ba, ba wanda ya tura wa wani. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ni na ga wadda ta yi 'ya'ya har aka girbe.

Yarinyar da ta ɗauki hoton ta zo ɗakinmu tana kuka, ta ce ta goge, ba ta san zai zama haka ba. Na ce mata ba komai, domin ba ta yi da nufi ba. Ƙawata 'yar ƙasar kuwa ta kasa fahimta sam. Ta yi ta maimaita cewa ai ban yi komai ba, faɗuwa na yi aka ɗaga ni, me ya sa ba zan faɗa musu ba kawai. Na rasa ta inda zan fara mata bayani. 'Yar ɗakina ce kaɗai ta gane ba sai an faɗa ba. Ita ta riƙa yi mini wanki da kitso, tana ɗaura mini hijabi da safe, ba ta taɓa cewa ai na gaya miki ba.

Labarin taron da aka yi a gidanmu daga bakin ƙanwata na ji shi, ita ma a bayan ƙofa ta tsaya. Baffa ya zo da ƙannensu biyu. Ya ajiye waya a kan tabarma a gaban Baba ya ce, "Ka ce a ɗora a kanka. Ga shi." Ya ce a rubuta wa hukuma a dawo da ni. Baba ya ce yarinya faɗuwa ta yi ta karye, an ɗaga ta. Baffa ya ce ko da hakan ne, me ya kai 'yar Musulmi filin rawa da kiɗa tana tsalle a cikin maza? Karatu aka tura ta ko wasa? Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe Baba ya ce shi ba zai katse mini karatu ba, ko za a daina gaisawa da shi. Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "To, waccan ta fi ƙarfinmu. Amma ɗaya ta isa. Ƙaramar ba inda za ta." Baba bai ce komai ba. A wurinmu shirun ƙane a gaban wa amincewa ce.

Da ta gama ba ni labarin na ce, "Zan yi magana da Baba. Zan roƙi Baffa da kaina."

Ta ce, "Bari, Yaya. Ki yi karatunki." Ta kashe wayar.

Sauran hunturun nan ban san yadda na wuce shi ba. Da hannun hagu na koyi rubutu, kamar tafiyar kaza. Jirgin cikin gari da nake hawa zuwa makaranta ta gaban dandalin tsohuwar kasuwa yake bi, sai in ga fitilun da mutane suna zagaye, in kau da kai. Na canja hanya, na riƙa bin wata mai nisa ta bayan kogi. Wani lokaci in ji haushin Baffa, wani lokaci haushin samarin rumfar caji, wani lokaci haushin kaina, in ce da na yi zamana a ɗaki kamar 'yar ɗakina. Sai kuma in tuna halin da nake ciki kafin in fara zuwa tafkin, in rasa wanda zan ba gaskiya. Da aka cire simintin hannun ya fito siriri, fatar ta yi fari tana saɓa. A makon ne na ga ma'aikata suna kwance katakon dandalin suna lodawa a mota, ruwa na bin tsakanin duwatsu.

Sai da damina na zo gida hutu. Daga Rano zuwa Kibiya ko'ina kore shar, dawa ta kai ƙugu. A cikin motar wata mata ta yi ta kallona, ta taɓa ta kusa da ita. Na ja hijabina na rufe har haɓa. Inna ta tarbe ni da fura, ta zauna nesa kaɗan tana kallon hannuna ba ta tambaya ba. Baba ba ya gida. Ban jira ba, na bi shi gona.

Na same shi yana maimai shi kaɗai. Ya ɗago ya gan ni, ya jingina fartanya a kunya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Sannan ya ce, "Kawo hannun." Ya riƙe tsintsiyar hannun da yatsunsa masu kaushi, ya lallatsa, ya juya shi sama da ƙasa.

"Nan ne?"

"Nan ne, Baba."

"Sun iya ɗori." Ya saki. Ya kalli dawa. "Tun ranar da aka nuna mini hoton na san faɗuwa kika yi. Kowa fuskarki yake kallo, ni hannun na kalla. Na ga yadda ya lanƙwashe."

Na ce, "To Baba, me ya sa ka ƙi ɗaukar wayata?"

"In na ji muryarki a lokacin, cewa zan yi ki dawo. Ba don Yaya ba, don kaina. Shi ya sa."

Na fara kuka. Na ce maganar ƙanwata fa, ita me ta yi? Ya sunkuya ya tsinke wata ciyawa ya yar. Ya ce, "Uwata, kokawa biyu aka sa a gabana, ƙarfin ɗaya gare ni. Ke kin riga kin yi nisa. Na san na zalunce ta, ba sai an gaya mini ba." Ya ɗauki fartanyarsa ya ce in koma gida kafin hadari ya haɗo.

Ƙanwata ta ci jarrabawarta da sakamakon da ya fi nawa. Baba ya saya mata keken ɗinki, ta kafa shi a rumfar tsakar gida, mata suna kawo mata aiki. Ta tarbe ni da fara'a, ta karɓi tsarabarta ta yi godiya, ta ɗebo mini ruwan wanka. Komai ta yi mini yadda ake yi wa baƙo. A da muna kwana gado ɗaya muna hira har Inna ta tsawata, yanzu ta ce zafi take ji, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa.

Wata rana da hantsi ina zaune kusa da ita tana ɗinki, ina warware mata zare, ta tsayar da keken ba ta dube ni ba.

"Yaya, yana da daɗi?"

"Me?"

"Zamiyar."

Na so in ce a'a. Na ga in na faɗi haka na ƙara mata wani abu a kan wanda aka yi mata. Na ce, "Yana da daɗi ƙwarai."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To gara da ya yi daɗi." Ta ci gaba da taka keken.

Na je Unguwar Gai na gaishe da Baffa kafin in koma. Ya karɓe ni, ya sa aka kama mini zabuwa, ya yi mini nasiha mai tsawo a kan tsare mutunci. Da na ɗauko maganar ƙanwata ya ɗaga hannu ya ce wannan magana ta manya ce, an gama ta. Ba mugun mutum ba ne. Ya yi imani har zuciyarsa cewa ya tsare gidan ubansa ne.

Na koma na yi sauran shekaruna. Duk hunturu ana kafa filayen nan, a dandali, a lambu, a gindin ganuwa, har da wani sabo da aka buɗe a bakin kogi. Sababbin ɗalibai 'yan gida in sun zo sukan tambaye ni wanne ya fi kyau a je, in gaya musu na lambun da safiyar Lahadi, in ƙara da cewa su lura da masu ɗaukar hoto. A shekarata ta ƙarshe na je tafkin ni kaɗai. Na karɓi takalmin, na zauna a benci na ɗaure igiyarsa tsaf. Na daɗe a zaune ina kallon wasu 'yan mata biyu suna koya wa juna. Daga baya na kwance na mayar wa mai shi, ya dube ni da mamaki, na ce ƙafata ce ke ciwo.

Maganar hoton ta mutu a gari kamar yadda irinta ke mutuwa, wata ta zo ta danne ta. Waɗanda suka yi ta yawo da shi wasunsu yanzu sukan kawo mini matansu da 'ya'yansu asibiti, mu gaisa lafiya lau. Bayan rasuwar Baffa, Baba ya kira ƙanwata ya ce in tana so yanzu ta tafi, shi zai tsaya mata. Lokacin ta riga ta auri wani malamin makaranta a Rano, wanda ita ta zaɓa, tana goyon ɗanta na biyu. Ta ce, "Baba, na gode. Lokacin ya wuce." Na ce zan ɗauki nauyin komai, har mai rainon yaran. Ta ce Allah ya saka, ɗinkinta ya ishe ta.

Muna zumunci. Ita ke ɗinka mini kayan salla, ni nake duba yaranta in ba su da lafiya. Takan kira ni ta ce ƙaramin yana zazzaɓi, ko maƙwabciyarta ƙafa ta kumbura ga tsohon ciki, me ya kamata a yi. Tambayoyinta a tsare suke, ba ta mantuwa da abin da na faɗa mata sau ɗaya. In na gama bayani na fara jan hira, ina tambayar ya gida, ya kasuwa, sai ta ce, "Yaya, bari in je, na ɗora tukunya."